Dutsen da Inna Ta Ɗora wa Baba a Sawakin

Ni ba mai zuwa kallon kango ba ne. Aikina ma kwashe shi ne. Shekara da shekaru ina bayan tifa a Makka, a rushe gida, mu loda ɓaraguzai, mu kai bayan gari mu juye, mu dawo. Saboda haka in na ji mutum ya gyara murya yana cewa wai dutse yana da tarihi, raina ɓaci yake yi. Na san abin da ya jawo, kuma shi zan faɗa.

Ban kai shekara goma ba babana ya rabu da gonarsa a wani ƙauye gabas da Gumel, ya ce Hajji za mu. Ni da shi da Inna. Ba ta sama ba, wa ya ga jirgin sama. Ta ƙasa muka biyo, a kan buhuna a bayan manyan motoci, mu ratsa Barno, mu ratsa Chadi, mu faɗa Sudan. In guzuri ya ƙare sai a sauka a yi tsinkar auduga a gonar wani, a sake tashi. Haka muka yi ta ja har ranar da muka ga ruwa ya tare gabanmu. Aka ce nan ne Sawakin, tsallaken ruwan nan Jidda ce, sai a jira jirgi.

Sawakin biyu ce. Akwai ta rayayyu a bakin gaɓa, bukkoki da rumfunan buhu, inda irinmu suke zube suna jira. Akwai kuma tsohon garin a kan tsibiri, wata siririyar hanya ta haɗa su. Manyan gidaje ne masu hawa biyu da hawa uku, duk sun zube. Wani gidan bango ɗaya ya rage masa a tsaye, da taga a jiki, kana hango sama ta cikinta. Ba kowa a ciki sai maguna, mutanen garin kuma suna cewa kar a jefe su, ba duka ne maguna ba. Dutsen ginin fari ne, daga cikin teku aka ciro shi, jikinsa duk ƙananan ramuka, in ka murza sai ya bar maka gari a hannu. Kowa ɗiba yake. Mai son murhu ya je ya ɗauko uku, mai awaki ya ɗebo ya yi musu shinge. Ban taɓa jin wanda ya ce don me ba.

A nan zawo da amai suka kama Baba. Bai yi mako ba. Ina zaune a bakin rumfa na ji abin da ya gaya wa Inna, don rumfar buhu ba ta ɓoye magana.

“Ki wuce da yaron nan. Ki yi naki, ki yi mini nawa. In kin juyo gida ki biyo ta nan ki gaya mini.”

Ta ce, “To, Malam.”

Shi ke nan abin da ta ce. Wannan “to” ɗin ita ta ɗauka a ka har tsufanta.

Maza suka kai shi maƙabartar baƙi, bayan ganuwar gari. Fili ne fetal, yashi da gishiri, ko itace ɗaya babu. Suka rufe shi, suka kafa ɗan guntun farin dutse a kai, wani a ƙafa, kamar na kowa. Da na dawo Inna ta kama hannuna ta ce, “Kai wannan, za ka gane wurin?” Ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Na ce mata duk iri ɗaya ne. A garinmu tukunya ake fasawa a kifa, ko a kafa reshe, kowa ya san na gidansu. Mu tukunya ɗaya gare mu, a ciki muke dafa abin da za mu ci.

Washegari da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, ta ja ni. Tana cikin takaba, bai kamata ta fita ba, ta kuma sani. Muka tsallaka cikin kangayen nan. Na nuna mata dutse, ta ce irinsa dubu ne. Na nuna wani, ta ce wannan ma. Maguna suna kallonmu daga kan bango, ni duk tsoro ya cika ni. Can a gindin wata ƙofa da ta rufta ta tsaya. Wani dutse ne da ya faɗo daga saman ƙofar, faɗinsa ya ɗara faifai. An sassaƙa masa tauraro a tsakiya, ganye ya nannaɗe tauraron kamar yaɗon ƙwarya. Ta share shi da bakin mayafinta ta ce, “Wannan ba shi da na biyu.”

Na taya ta azawa. Muna tsakiyar siririyar hanyar nan ta yi tuntuɓe, dutsen ya sulluɓo, kusurwa ɗaya ta ɓalle ta faɗa ruwa, shi kuma ya sauka a babban yatsan ƙafarta. Jini ya cika takalmin. Ta ce in taya ta, ta sake azawa.

A bakin maƙabarta wani dattijo cikin mutanenmu ya tare mu.

“Ke baiwar Allah! Mace, mai takaba, a maƙabarta? Da dutsen gidan aljanu a ka?”

Ta ce, “Baba, in na dawo da me zan gane shi?”

Ya dube ta, ya dubi ƙafarta. Sai ya sauke mata dutsen da kansa, ya ce ta tsaya nan. Ni na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya cire guntun da ke kai ya kafa wannan, ya danna yashi da ƙafa. Inna tana hangowa daga nesa. Ko daga can ana ganinsa, shi kaɗai ne mai ado a duk filin.

Muka tsallako. Ta yi nata Hajjin, shekarar da ta biyo ta yi nasa. Komawa kuma ba ta yiwu ba. Gida babu gona, nan kuma babu takarda, wanda ya fita ya fita ke nan. Ta yi wankau a gidajen mutane, ta soya ƙosai, ta zauna bakin titi da gyaɗa da hatsin tattabaru, in ta hango masu kame ta naɗe tabarma ta shige lungu. Da haka ta raine ni. Muka zauna a wata unguwa ta kan dutse inda takaru suka yi yawa. Takari shi ne sunan da ake kiran irinmu da shi a nan, baƙaƙen da suka zo Hajji suka zauna. Da aka zo rushe unguwar muka gangaro Ka'akiyya, inda haya take da dama-dama. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'yan da Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Farcen yatsan Inna kuwa bai sake fitowa daidai ba, ya yi kauri ya murɗe, silifas ma sai mai faɗin baki.

Duk shekara in an sauko daga Arfa, mun gama aikin kwasar shara da rabon abinci mun dawo kamar matattu, sai ta ce, “Bana ma ban je na gaya wa Malam ba.” Malam take ce masa. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, matan zamaninsu ba sa yi. In wani yaro a unguwa yana da sunan, sai ta laƙaba masa wani.

Mutane sun yi mata magana har sun gaji. Hajiya, addu'a tana isa ko daga ina. Hajiya, kina Makka, ina ya fi nan? Sai ta ce, “Na sani. Amma cewa ya yi in biyo.”

Ni kuma abin yana cin raina, don ruwan nan da ya raba mu da Sawakin jirgi ba ya kwana biyu a kansa. Na sha kai kaya Jidda, in tsaya in ga jiragen suna tashi. Mutum da ƙafafunsa, da lafiyarsa, kabarin ubansa yana tsallake, amma in ya je ba zai dawo ga 'ya'yansa ba.

Ina da aboki, Bahaushen Sudan. Kakanninsa irinmu ne, su a can suka maƙale. Direban bas ne, lokacin Hajji yana jigila a Aziziyya, yana da iƙama, wato takardar zama, saboda haka yana zuwa hutu gida ya dawo. Ta jirgin ruwa yake tafiya, a Sawakin yake sauka. Mutum ne mai surutu da son tuwo. Duk Juma'a yana gidanmu, yana ce mini Takari, ina ce masa ragon Sudan, Inna tana ƙara masa miya. Wata Juma'a, kafin yaƙin nan nasu ya ɓarke, ya ce zai tafi hutu. Inna ta ajiye ludayi.

“Ɗana, wayar nan taku da ake ganin mutum, tana kaiwa can?”

“Tana kaiwa, Inna.”

“To in ana yi wa mutum Hajji, ai ana ara masa ƙafa. Ka ara mini taka. Ka kai ni wurin Malam, ka riƙe mini wayar, ni zan yi maganata.”

Ya ce, “Wallahi ko a ka ne na ɗauke ki.” Ta kwatanta masa dutsen, ta sake kwatantawa, tauraro, ganye, kusurwar da ta ɓalle. Ya ce, “Inna, ko makaho ya gane wannan.”

Ranar da aka sa, tun da hantsi ta yi wanka. Ta sa farin mayafinta na Idi, ta sa kwalli a idanun da yanar ido ta riga ta rufe, ta shafa turare. Na shigo ɗakin na same ta zaune a bakin katifa ta miƙe baya, kamar matar da mijinta zai dawo daga tafiya. Ban san inda zan sa idona ba. Na zauna kusa da ita da wayar, don ita ba ta ganin komai a ciki sai haske. Ni ne idonta.

Abokina ya kira. Iska tana busa wayar, ga gumi yana zuba a fuskarsa. Ya soma da “ya zol”, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum.

“Ya zol, ga ni a maƙabartar baƙi. Kai, wannan rana ta fi ta Arfa. Inna, ina zan nufa?”

“Ka ba ganuwa baya. Ka miƙe. Za ka hango shi, shi kaɗai ne mai ado.”

Ya juya wayar. Filin ya ninka yadda na san shi. Fararen duwatsu ne ko ta ina, ledoji sun maƙale a jikinsu, awaki suna ratsawa. Ya bi layi yana nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Inna tana tambaya, “Ka gani?” Ina cewa tukuna. Ya kai ƙarshe, ya juyo ta wani layin. Ya yi gabas, ya yi yamma. Tun yana wasa, yana cewa, “Takari, ka tabbata ba a mafarki kuka ga dutsen nan ba?” har ya daina. Babu dutse mai sassaƙa ko ɗaya a filin nan.

Wani tsoho mai amalanken ruwa ya zo wucewa da jakinsa, abokina ya tsayar da shi. Ina jin su da Larabci. Tsohon ya ce ai duwatsu masu zane an kwashe su. Wasu baƙi suka zo da mota, masu gyaran tsohon gari, suka bi gida gida. Na murhu, na dokin ƙofa, na shingen awaki, duk wanda ke da sassaƙa sun ɗauka, sun ce kayan tarihi ne, asalinsu na tsibiri ne. Abokina ya ce har na maƙabarta? Ya ce har shi. Amma fa, in ji tsohon, mutanen kirki ne, ba su bar kabari tsirara ba. Duk inda suka cire, sun kafa wani farin dutsen a madadinsa, irin na kowa.

Mutanen kirki. Ka ji fa.

Inna tana jin Larabci, amma kunnenta ya yi nauyi, iska kuma ta cinye rabin maganar. Ta ce, “Me ya ce?” Na ce ta dakata.

Abokina ya tsallaka tsibirin. Na ga siririyar hanyar nan, an faɗaɗa ta. Na ga kangayen, wasu sun ƙara zubewa sun zama tuddai, wasu an kakkafa musu ƙarafa ana ɗaga su. Maguna suna nan. A gefe ɗaya an yi wata doguwar rumfar kwano, an kewaye ta da waya. A ƙarƙashinta duwatsu ne a jere a kan katakai, don kar su taɓa ƙasa. Kowanne an rubuta masa lamba da jan fenti. Mai gadi yana zaune a inuwa da jallabiya da kofin shayi. Ya bar abokina ya shiga, da sharaɗin kar ya taɓa komai.

Ya bi su da wayar a hankali. Tun kafin ya iso na hango shi. Tauraron, ganyen, kusurwar nan a ɓalle. An wanke shi tas, ya fi yadda na san shi fari.

Na ce, “Tsaya. Shi ne.”

Inna ta damƙi gwiwata. “Ka gan shi?”

“Na gan shi.”

Ta gyara mayafi. “To ka ce ya matsa kusa in yi sallama.”

Abokina ya kawo bakinsa jikin wayar ya rage murya. “Ya zol, ƙyale ta. Bari ta yi sallamarta ta faɗi abin da za ta faɗa. Ba ta gani. Me za a rasa?”

Na san don alheri ya faɗa. Amma in sa uwata, da kwallinta da turarenta, ta yi wa katako sallama? Ta tsaya gaban rumfar kwano ta ce wa lambar fenti ta yi masa Hajji? Na ce masa a'a. Na juya na gaya mata yadda abin yake, ban rage komai ba. Dutsen yana nan, an ɗauke shi daga kan Baba, yana cikin rumfa. Baba yana can cikin fili da dutse irin na kowa, ba wanda ya san wanne ne.

Hannunta ya sauka daga gwiwata.

Na ce abokina ya miƙa wa mai gadin wayar. Na tambaye shi da Larabcina na bayan tifa, wa ya ba su izinin cire dutse daga kan mamaci? Ya ce shi bai san wannan ba, amma dutsen nan ba ƙaramin abu ba ne, ya girmi kakan kakana. Ya ce masanan da suka kwaso duwatsun sun gano har gidan da ya fito, gidan wani babban attajiri ne, sun san ƙofar, sun san ta wane gefe yake zama, za a mayar da shi. Yana faɗa yana jin daɗi, kamar albishir yake mini.

Na ce, “Madalla. To daga ina aka ɗauko shi?”

“Daga cikin gari.”

“Wane wuri a cikin gari? Wane layi a maƙabarta? Kusa da me?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Wannan ba a kula da shi ba, ya hajj. Inda ya fito ake nema, ba inda aka tsince shi ba.”

Inda aka tsince shi. Wai tsinta. Kamar faɗuwa ya yi daga aljihun wani. Mace ta ɗauko shi a ka da rana tsaka, tana takaba, jini na bin ƙafarta, shi ne tsintuwa. Nan na manta Inna tana gefena. Na ce masa shekarun da gidan attajirin nan ya yi yana zubewa, maguna suna kashi a ciki, ina masanan suke? Lokacin da ruwa da gishiri ke cinye ƙofar, wa ya zo? Da uwata ba ta ɗauke shi ba da tuni ya zama gari a gindin bango kamar 'yan'uwansa. Ita ta adana muku shi, a kan mijinta ta adana shi. Kun san sunan mai gidan da ya mutu tun kafin a haifi kowa, kun san ta ina yake shiga ɗakinsa, amma mutumin da kuka tsaya a kansa kuka tuge dutsen, ko ku tambayi mai amalanken ruwa wane ne? Kun yi wa dutse rumfa! Dutse yana inuwa, ubana yana rana! Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Matata ta leƙo ta koma.

Mai gadin ya bari na gama. Sai ya ce, “Ya hajj, ni gadi nake yi. Allah ya jiƙan babanka.”

Wannan ya fi komai ƙona ni. Da ya zage ni da na samu inda zan sauke. Talaka ne irina, an ajiye shi ya tsare duwatsu. Waɗanda suka yi abin sun hau motarsu tuntuni, kuma na tabbata har yau suna ganin aikin kirki suka yi.

Can Inna ta yi magana, a hankali, ba da ni take ba.

“Ni na zaɓo mai kyau. Da guntun ƙarfe na samo, ko fasasshen tulu, da yana nan.”

Na ce, “Inna, kar ki soma. Wallahi kar ki soma ɗora wa kanki.”

“Na ce wanda ba shi da na biyu. Ashe abin da ba shi da na biyu shi ake ɗaukewa.”

Abokina ya karɓi wayarsa. Duk surutunsa ya ƙare. Ya ce, “Inna, bari in koma maƙabartar. In tsaya a tsakiya in ɗaga wayar sama, in ƙure mata murya. Duk inda yake a filin nan zai ji.”

Ta ce ya koma.

Ya sake tsallakowa cikin ranar nan, Allah ya saka masa. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga hannu. Ba na ganin komai sai sama da gefen yatsansa. Ya ce, “Bismillah, Inna.”

Ta yi sallama irin ta masu ziyara. Ta ce, “Malam.” Ta tsaya. Ta sake cewa, “Malam, ni ce.” Sai ta juyo wajena. “Rabin mutanen da ke kwance a nan Malam ne. Muryar da ya sani kuma ba ita ce wannan ba, yarinya ya bari.”

Abokina ya ce daga can, “To ki kira sunansa, Inna.”

Na ga bakinta ya motsa ya rufe. Ta murza bakin mayafinta. Tsohuwa ce da jikoki, amma kunya ta rufe ta kamar amarya. Ta ce, “Kai wannan, ba ni wayar. Fita.”

Na sa mata a hannu na fita, na tsaya bayan labule. Ban yi nisa ba, ba zan ce na yi ba. Na ji ta yi gyaran murya. Sai na ji sunan babana a bakin uwata, karo na farko tun da aka haife ni. Da ƙarfi ta faɗa, don ta san fili ne, ga iska. Ta faɗa ta haɗa da sunan ƙauyenmu, don kar wani mai irin sunan ya amsa.

“Na yi nawa, na yi maka naka. Yaron ya girma, yana da iyali. Ban juyo gida ba, shi ya sa ban biyo ba. Na sa maka alama, an ɗauke. Ka yi haƙuri.”

Daga cikin wayar akuya tana kuka.

Wasu da na ba labarin sun ce ai alhamdu lillahi, saƙo ya isa, alkawari ya cika. Na'am, ya isa. Amma ni na san abin da ta shirya. Ta shirya ta zauna a gefensa ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce Malam, ya san da shi take. Abin da ta riƙe tun tana amarya, ba ta saki ba a hanya, ba ta saki ba a takaba, ba ta saki ba a gidajen wankau, sai da aka sa ta kwarma shi a fili, a kunnen abokin ɗanta da awaki da duk wanda ke wucewa. Da ta miƙo mini wayar ba ta yarda ta juyo fuskarta wajena ba. Kwana da kwanaki ba ta fito cin abinci tare da mu ba. Juma'ar da abokina ya dawo ya zo gaishe ta, daga bayan labule ta amsa, ba ta ƙara zama ta zuba masa miya ba.

Ba ta kai azumin da ya biyo ba. Aka yi mata salla a Harami, muka kai ta. A nan ba a sa wa kowa alama, ɗan dutse ne kawai, mai kuɗi da takari duk ɗaya. In ka koma bayan mako ba za ka gane ba. Wannan bai dame ni ba, don tun farko an gaya maka haka abin yake, ba wanda ya bari ka ɗauko a ka sannan ya bi bayanka ya ɗauke.

Da abokina ya sake zuwa hutu, ina bayan tifa muna jiran a gama loda mana, sai ga hoto ya shigo wayata. A ƙasan hoton ya aiko da saƙon murya, muryarsa da fara'a: “Ya zol, ga dutsenku ya koma gida.”

Ƙofa ce sabuwa fil, an ɗaga ta an shafe ta fari. Wasu mutane biyu da tabarau suna tsaye a ƙarƙashinta suna dariya. A samanta ga tauraron, ga ganyen. Na buɗa hoton da yatsa ina neman kusurwar. Babu. Sun cike ta da farar ƙasa, sun goge, har sun ƙarasa zanen ganyen a kai yadda ba mai cewa ta taɓa ɓallewa.

Matan da suka yi wa Inna wanka, ɗaya ta tambayi matata me ya sami yatsan Hajiya haka. Da shi aka rufe ta, a murɗe. Dutsen kuwa an gyara masa.

Direba ya danna oda, ya leƙo yana cewa yalla, ya Takari, barci kake? Na sa wayar a aljihu na ɗauki shebur.